Dogon Gilashin Sha'ibu

Duk wanda ya yi aure ko suna a ƙasar Kankara shekarun baya, da wuya a rasa aikin Malam Yahuza mai hoto rataye a bangon ɗakinsa. Haifaffen Mairuwa ne, ɗan manoma, amma noma bai karɓe shi ba. Yana saurayi ya bi wani mai hoto zuwa Funtuwa, ya koyi ɗauka da wanki, ya dawo da kyamara a wuya ya buɗe ɗan shago kusa da kasuwar Kankara. Siriri ne mai ƙarancin magana, wanda kan tsaya ya ɗan kalli fuskarka kafin ya amsa gaisuwa, kamar yana neman inda haske ya fi sauka a kanta.

Ba shi kaɗai yake yawon sana'a ba. Yana da aboki, Sha'ibu, mutumin Faskari, mai surutu da dariya, wanda kafaɗarsa ta hagu ta rankwafa saboda ratayar jaka. Babur ɗaya suke hawa su shiga Yargoje, su ratsa ƙauyukan Faskari har dajin Sabuwa, duk inda ake ɗaurin aure ko saukar karatu. Kowannensu da irin gilashin da yake ɗaura wa bakin kyamara. Yahuza ya fi son ɗan ƙaramin da ke sa mutum ya matso kusa da wanda zai ɗauka. Sha'ibu kuwa dogon gilashi ne da shi, mai nauyi kamar taɓarya, wanda ke jawo abin da yake can nesa ya kawo shi gaban ido. Yakan laɓe bayan taro ya ɗauki mutane ba su sani ba, ya ce a nan ne fuska take faɗin gaskiya.

Sai hanya ta lalace. 'Yan bindiga suka fara tare motoci, bukukuwa suka ragu, waya kuma ta shiga hannun kowa ta cinye rabin sana'ar. Wata damina aka kira su ɗaurin aure wajen Sabuwa. Yahuza na kwance da zazzaɓi, Sha'ibu ya tafi shi kaɗai. Bai isa ba, bai kuma dawo ba. Babu wanda ya bugo waya ya ce yana hannunsa. Bayan an cire amfanin gona wani makiyayi ya kawo jakarsa gidansa a Faskari, ya ce ya tsince ta rataye a reshen ɗorawa. Ba a daɗe ba matar Sha'ibu, Amatullah, ta aiko wa Yahuza da kyamarar a naɗe cikin zane, dogon gilashin na ɗaure a bakinta. Ruwa ya kashe kyamarar. Yahuza ya cire gilashin ya rufe bakinsa, ya jefa shi ƙasan akwatin ƙarfe, ya ci gaba da ɗaukar hoton fasfo, wanda shi ne ya rage masa.

Shekaru suka shige, har autarsa Hamida, wadda ke zaune a Alƙahira tare da mijinta Salim, ta matsa lallai sai ya zo ya huta ya ga jikoki. Da tafiya ta matso ta bugo waya.

"Baba, kada ka kwaso shago gaba ɗaya. Jakar hannu 'yar ƙarama ce, kuma yawo za mu yi da ƙafa sosai. Gilashi biyu sun isa."

"To, wane da wane?"

"Kai ne mai sana'a. Amma ka zo da mai faɗin nan, saboda dala, ƙaton ginin dutsen nan na mutanen dā na Masar. Ba ta shiga hoto haka nan."

Washegari da hantsi ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida ya jera su. Ga ɗan ƙaramin na fuskoki, ga mai faɗi da ke haɗiye masallaci guda da mutanen cikinsa, ga wani matsakaici da ya fara cijewa idan ana juya shi. Yana lalubar ƙyallen goge gilashi a akwati hannunsa ya taɓa na Sha'ibu. Ya fito da shi ya ɗaga wa rana, yana tsammanin zai ga fumfuna ta cinye cikinsa. Tas yake, kamar jiya aka goge shi.

Gidan Yahuza shi ne na ƙarshe ta wannan gefen gari. Daga ƙofar baya sai gonakin masara, sai wata 'yar hanya da ta bi ta gindin kuka ta nutse cikin itatuwa. Ya tsaya a ƙofar yana gwada su ɗaya bayan ɗaya. Daga ƙarshe ya ɗaura dogon a kyamararsa, ya sa ido, ya juya shi har kukar ta fito sarai.

Akwai mutum tsaye a kan hanyar. Ya ba shi baya, sanye da shuɗiyar riga da ta koɗe, ba ya tafiya, ba ya kuma yin komai. Kafaɗarsa ta hagu ta rankwafa.

Yahuza ya sauke kyamara. Da ido kawai ana ganin kukar da hanyar, babu kowa. Ya mayar da ido, mutumin na nan inda yake. Iska na kaɗa ganyen masara hagu da dama, amma rigar ba ta motsi. Sai a lokacin ya lura tsuntsayen da suka cika gonar da hayaniya sun yi tsit. Ya danna maɓalli, ya duba hoton a bayan kyamara: ga kuka, ga hanya, ga masara, wurin da mutumin ya tsaya kuwa ƙasa ce kawai.

Matarsa Hajiya Saudatu ta same shi zaune a dokin ƙofa, gumi ya jiƙa masa wuyan riga.

"Malam, lafiya? Mi ya faru?"

Ya miƙa mata kyamarar. "Leƙa nan ki gaya mani abin da kika gani."

Ta dubi gilashin ta gane shi. Ta mayar da hannuwanta cikin mayafi. "A'uzu billahi. Ni ba ni leƙa kayan wanda ba a san inda yake ba. Ka mai da ma iyalinshi."

Ya yi alwala ya yi nafila, ya taka da ƙafa har gindin kukar. Wani manomi da ke aiki kusa ya ce tun safe bai ga kowa ya bi hanyar ba. Babu sawun takalmi a kan danshin ƙasar.

Ranar kasuwa ya shiga motar Faskari da gilashin a aljihun babbar riga. Amatullah ta shimfiɗa masa tabarma a zaure, ta zauna daga bakin ƙofa. Ta rame, kuma har yanzu ba ta san ko ita matar aure ce ko bazawara ba. Bayan gaisuwa ya fito da gilashin ya ajiye tsakaninsu. Bai riga ya buɗe baki ba ta ce, murya ƙasa ƙasa:

"Ya juyo?"

Yahuza ya ɗago kai ya dube ta. "Wa?"

"Malam Yahuza, kada ka ɓoye mani. Ranar da aka kawo jakar na sa ido a kyamarar, nan tsakar gida, na nufi bakin zauren nan da ita. Na ga bayanshi. Na kira shi har maƙwabta suka shigo, bai juyo ba. Shi ya sa na aika maka. Na ce kai da ka san kan abin, wataƙila ya juyo maka."

"Bai juyo ba," in ji Yahuza.

Ta gyaɗa kai. Akuya na kuka a bayan katanga. Da ya miƙe zai tafi ta tura gilashin gabansa da gefen mafici, ba ta taɓa shi da hannu ba.

"Ka tahi da shi. Yara na kwana gidan nan."

A hanyar komawa ya yi ta juya maganar. Idan ya bar shi a gida, Saudatu ce za ta zauna da shi ita kaɗai har ya dawo. Shago kuwa ƙanensa zai riƙa buɗewa. Jefar da shi a rijiya ko a daji, zuciyarsa ta ƙi, don gani yake kamar abokin nasa zai jefar. Da ya zo haɗa jaka ya sa ɗan ƙaramin, ya ɗauki mai faɗin ya daɗe yana juya shi, sannan ya mayar da shi akwati ya cusa dogon a madadinsa. Jakar ta yi nauyi har ta ja masa kafaɗa. A filin jirgi na Kano mai bincike ya buɗe murfin zai leƙa, Yahuza ya kau da kai har sai da ya ji an rufe.

Alƙahira ta karɓe shi da hayaniya da fitilu da ƙamshin gurasa. Ya ɗauki hotunan jikokinsa suna cin abinci, suna barcin rana, suna hawa masa wuya. Ranar da suka je dala ya yi ta ja da baya cikin rairayi, amma ta ƙi shiga hoto, sai gindinta ko ƙolinta.

"Baba, ai na gaya maka," in ji Hamida tana dariya. "Wannan ƙaton da ka ɗauko fa, ko sau ɗaya ba ka ɗaura shi ba."

"Zan ɗaura," ya ce.

Sai gab da zai dawo, wata la'asar a bakin kogin Nil, Salim ya nuna masa jiragen ruwa masu filafilai can tsallake ya ce waɗannan ai na dogon gilashi ne. Yahuza ya yi bisimilla ya ɗaura. Ya ga jiragen, ya ga masunci na jan koma, ya ga wata mata na shanya a saman bene. Ya bi gaɓar kogin daga wannan ƙarshe zuwa wancan, a hankali, ya sake dawowa. Babu shi. Ya yi tsammanin zai ji sanyi a ransa, sai ya ji hawaye na bin kumatunsa, Salim na tambayarsa ko iska ce ta shiga masa ido.

Ranar tafiya ya ajiye gilashin a saman kabad ɗin ɗakin baƙi, ya ce ya yi masa nauyi, kada kuma su ba wani ya kawo masa.

Bai daɗe da dawowa ba wani mutum mai suna Jabiru ya zo Faskari. Ya ce tare aka riƙe su da Sha'ibu a daji, shi ya samu ya gudu ya koma Zariya, tsoro ya hana shi magana duk tsawon lokacin nan. Ya ce zazzaɓi ne ya kashe Sha'ibu tun a waccan daminar, su ne suka rufe shi da hannunsu. Aka yi masa salla ba gawa, aka zauna karɓar gaisuwa. Yahuza ya je ya yi wa Amatullah ta'aziyya. Ba ta tambaye shi gilashin ba, shi ma bai ɗauko maganarsa ba.

Yana nan a shagonsa har yau, furfura ta cika masa gemu. Masu zuwa ɗaukar fasfo kan tsaya su kalli hotunan Masar da ya manna a bango, yara su yi ta gardama kan raƙumin da ya hau. Saudatu ta ce tun da ya dawo barcinsa ya gyaru, cin abincinsa ma haka. Shi kuwa ya taɓa gaya mata, suna zaune bayan la'asar, cewa har yanzu bai sani ba ko ya kyauta da ya baro Sha'ibu a ƙasar da bai san kowa ba.