Layi na Biyu a Ashirin ga Maris

Jan Biro ake ce mata a maɗaba'ar, har sababbin ma'aikata ba su san tana da wani suna ba. Shekara ashirin da shida tana zaune a tebur ɗaya, bayan injin yankan takarda, inda warin tawada da kananzir ke kama zane, wanki biyu bai fitar da shi ba. Aikinta duba rubutu. Dokar gidan tun zamanin tsohon mai gida ita ce, babu takardar da za ta hau inji sai da sa hannunta a gefen bugun gwaji. Ba ta yi karatu mai zurfi ba, amma ko ɗigo ya ɓace sai ta gano.

Abin da gidan ya yi suna da shi kalanda ce, mai ɗan layin tarihi a ƙarƙashin wasu ranaku. Ashirin ga Maris layi biyu gare ta. Na farko yana cewa a irin wannan lokaci na bazara dare da rana suke zuwa daidai. Na biyu ita ta roƙa aka sa: "A rana irin ta yau rufin masaƙa ya rufta kan mata goma sha ɗaya."

Yayarta na cikinsu, wadda ta goya ta, ta kai ta makaranta. Yayar ta fita da safe da kwanon abincinta, kwanon kaɗai aka dawo da shi gida. Masu masaƙar sun san ginshiƙan sun tsage, sai suka shafe su da fenti. Ba a ɗaure kowa ba, ko allo ba a kafa a wurin ba. Wannan ɗan layin shi ne kawai abin da ya rage wa matan a duniya.

Da tsoho ya rasu, ɗansa ya hau kujera, ya ce a riƙa ce masa Manaja. A shekararsa ta biyu aka kawo mata gwajin shafin Maris, ta sa yatsa tana bin ranaku, ta zo ashirin ta tsaya. Layin babu. A gurbinsa an zana furanni, an rubuta: "Ranar kafa masaƙa, shekara hamsin na alheri."

Ta shiga ofishinsa ba tare da ta jira izini ba.

"Manaja, wannan fa?"

"Gwaggo, zauna mana. A kawo miki ruwa?"

"Ban zo shan ruwa ba. A watan Agusta aka buɗe masaƙar nan. Gidan nan ya buga musu takardar gayyata, tana nan a kabad, in ɗauko maka?"

"Na sani. Amma Agusta ruwa ake yi, rumfunan taro za su jiƙe. Sun ce Maris ya fi musu."

"Maris kwana talatin da ɗaya ne. Duk a ciki sai ashirin?"

Ya shiga latsa waya, ya ƙi ɗago ido. "Cewa suka yi a ɗora abin farin ciki a kan ranar, mutane su huta da tune-tune. Kuma Gwaggo, su za su kwashe rabin bugun bana."

Turarensa ya cika ɗakin, mai zaƙi kamar ruɓaɓɓen mangwaro. Wannan da ta sha share wa majina da bakin mayafinta yana rarrafe tsakanin bandiran takarda, yau shi ke koya mata hutawa da tune-tune!

"Sa hannu kawai, Gwaggo. Layi ɗaya ne fa."

Ta sunkuya a kan teburinsa, ta ja jan layi a kan furannin, ta rubuta "ƙarya" a gefe, kamar yadda take yi wa kowane kuskure.

"To dokar ai ta Baba ce, ba tawa ba," in ji shi. Ya jawo takardar ya rattaba nasa hannun. "Ke ma shekaru sun ja, ya kamata ki je gida ki huta."

Ta fito tana tattara tabaranta da kofin shayinta. Maza bakwai a zauren, kowa ya sunkuyar da kai a kan aikinsa. Mai Inji, wanda suka fara aiki wata ɗaya da shi, ya duƙufa yana goge jikin injin da ke ƙyalli tun safe. Tir.

Shi ne kuma ya kawo mata kalandar gida bayan ta fito, a nannaɗe cikin jarida. "Yaya, ki yi haƙuri, yara ne da ni."

"Yayata ma yara ne da ita. Ajiye a can, kada ka sa min a kan gado."

Bayan ya tafi ta buɗe Maris, ta ce tunda sun cire layi, ita za ta sa sunaye. Ta rubuta na yayarta, ta bi da sauran. Bayan na tara hannunta ya tsaya. Ta yi ta juya ƙwaƙwalwa, babu. Shekara da shekaru tana gadin adadi, ashe mutum biyu sun zube mata ba ta sani ba. A nan ƙyamar da take yi musu ta juyo kanta.

Washegari ta je shagon wata tela, 'yar ɗaya daga cikin matan. Abin da ta fara gani a saman keken ɗinki sabuwar kalandar ce.

"Kyauta suka raba, Inna. Hotunan sun yi kyau."

"Wace rana uwarki ta rasu?"

"Da zafi-zafi dai. Maris ko Afrilu?"

Duk da haka telar ce ta tuna suna na goma, wata maƙwabciyar uwarta mai dariya da ƙarfi. Ta goma sha ɗaya kuwa, wai baƙuwa ce, kwananta uku da fara aiki, ba wanda ya riƙe sunanta.

"An ce tsohon mai gadin ƙofar masaƙar yana nan da rai, bayan layin dogo, wataƙila ya san sunanta," in ji telar. "Amma kunnensa ya tafi, Inna."

"Zan ɗaga murya."

Ta gyara ɗaurin zaninta, ta fita cikin rana.