Tayar da Na Shafa wa Man Kaɗe

Ko da hankalina zai gushe saboda tsufa, ba na jin zan manta da safiyar Talatar da aka ce in buɗe siton barikin Illo in fito da taya. Kai mai alƙalami, rubuta yadda na faɗa, kada ka gyara mini. Ku masu aikin bariki yanzu nake so ku ji.

A lokacin Turawa ba su daɗe da kawo mota ƙasarmu ba. Bariki shi ne masaukinsu idan sun fito rangadi. Sarkin bariki ne babba, sai kuku, sai mai ɗebo ruwa, sai ni mai shara, kuma makullin sito yana hannuna. Ran da aka ba ni shi, abin da aka ce mini kawai shi ne, "Ki kula da kayan Bature." A ciki akwai sirdi da linzami da fitilu, da wata taya da wani Bature ya bari tun damina shida da suka wuce.

Ni 'yar masu dabbobi ce. Na san fata idan aka bar ta ba mai, tsagewa take yi. Saboda haka duk tsayuwar wata ina shafa wa sirdi man kaɗe, in shafa wa tayar, in jingine su a rana su sha. Baƙa wuluk ta zama, tana ƙyalli. Har alfahari nake yi da ita.

Maigidana, Allah ya jiƙansa, direba ne na wani Joji, Baturen mulki, mai ƙaramar mota ta kansa, kujera biyu, ba rufi. Mahaukaciyar gudu ce. Sun taso daga Bagudo, kututture ya yaga musu tayar gaba, suka lallaɓo Illo da ƙyar. Sabuwa sai an aiko daga Ikko, wata guda ko fiye, ga shi kuma ran nan Joji zai gana da Kumandan na Faransi a bakin iyaka.

Na mirgino tayar. Maigidana ya danna ta da farce, wurin ya lotsa bai dawo ba. Ya shinshina. Ya ja ni gefe.

"Kulu, mi kike shafa ma wagga taya?"

"Man kaɗe mana, kamar sirdi."

"Tun yaushe?"

"Tun da aka ba ni makulli."

Sai ya ce, "To, kada ki faɗa ma kowa."

Ya je ya cire hula gaban Joji ya ce, "Ranka ya daɗe, tayar nan ta tsufa, kuma ba ta wannan mota ba ce, ta fi sauran siranta." Joji ya shafa ta, ya yi dariya, ya ce da Hausarsa ta hanci, "Tsoho ba ya ƙyalli haka. Saka." Da maigidana ya ambaci man, na tabbata da an fasa tafiyar. Amma da an kore ni, a ci mutuncin sarkin bariki, a ce matar direba ta ɓata kayan Bature. Sai ya ɗauko kayan aikinsa. Ya ɗaura ta, da ƙyar ta zauna a kan ƙarfen. Ya roƙa a bar shi ya tuƙa a hankali. Joji ya ce sun makara, shi zai tuƙa.

Ina shanya zanen gado mai ɗebo ruwa ya shigo ba tulu a kansa. Ya ce ko rabin hanya ba su kai ba tayar ta fashe a kan marmara, motar ta kifa. Joji ya karye a hannu. Maigidana kuwa a kan asabari aka kawo mini shi. Kafin la'asar an kai shi makwancinsa.

Bayan kwana uku akawu ya zo bincike. Ya tambayi sarkin bariki, ya tambayi kuku, ya rubuta cewa tsohuwar taya ce. Ni ina tsaye da tsintsiya, ba wanda ya dube ni. Sai bayan na fita takaba wani direban 'yan kasuwa ya faɗa ana hira cewa mai da rana su ne ke cinye roba tun daga ciki, waje yana sheƙi. A nan na fahimci abin da maigidana ya shinshina.

Na ƙara shekara goma sha ɗaya a aikin, don ina da 'ya'ya uku da zan ciyar. Na gaji da riƙe wannan magana ni kaɗai. Ban yi ha'inci ba, ƙwazona ne ya kashe shi, haɗe da gaggawar mai iko da ba ya jin maganar na ƙasa da shi. Aikin nan haka yake: a miƙa maka makulli, ba a gaya maka halin abin da ke bayan ƙofa ba. Idan an ba ku ajiyar abin da iyayenku ba su sani ba, ku tambaya, ko za a yi muku dariya. Idan kuma kuskurenku zai hau mota tare da mutum, ku buɗe baki tun tana tsaye. Ni ina wurin, na ji an ce "Saka," kuma ban ce komai ba.