Garin Harsashin Da Na Ɗura A Bindigar Gidanmu

Assalamu alaikum. A lokacin da wannan abu ya faru ni saurayi ne mai rawar kai, manomi da damina, maharbi da rani, a wani ƙauye tsakanin Gummi da Bukkuyum, tun daji bai gagari shiga ba. Mu biyu mahaifinmu ya bari maza, ni da yayana, sai Innarmu, sai gona da tsohuwar bindigarsa ƙirar maƙera. Yaya karatu ya bi. Ya haddace Alƙur'ani, ya zauna yana rubuta shi da ka, kuma Allah ya ba shi hannu, don har daga wasu garuruwa malamai kan zo su duba rubutunsa su yi ta sa albarka. Ni kuwa allo bai zauna mini ba, bindigar nan ce ta ɗauke mini hankali.

A zaure take rataye, kuma da kaka a ɗure muke barinta saboda birai da gadu masu yi mana ɓarna a gona. Mahaifinmu ya bar mana ƙa'ida guda. Duk wanda zai ɗauke ta, sai ya zura sandar ɗuri a bakinta, ya auna abin da ya rage a waje da yatsunsa. In yatsa uku ne, ɗurin daidai yake. In ya wuce haka, kada a harba. Da wannan awon muka tashi, ba mu taɓa jin ya ci amanar kowa ba.

Ciwona shi ne bindigar ba ta da saiti. Ka nufi biri, ka sami reshe. Sai na shiga gwaji. Nakan tafi bakin fadama in yi wa wata kuka alama da gawayi, in ɗaure bindigar a gwafa, in sa igiya a kunamarta, in laɓe bayan suri in ja. Yau in rage albarushi kaɗan, gobe in ƙara, ina duba inda harbin ya sauka. A hankali na gano awon da take so, har abokaina suka fara yi mini kirari, kaina kuwa ya ƙara girma. Da a nan na tsaya, da yau ba ni da labarin bayarwa.

Wani abokina da ke haƙar zinari wajen Bagega ne ya kawo mini tsarabar harsasai na bindigar bature. Na fasa ɗaya, na ga garin cikinsa ba irin namu ba ne. Na ɗura ɗan kaɗan na gwada, sai na ji ƙara mai kaifi, babu hayaƙi, harbin ya nutse cikin kukar nan. Daɗi ya kashe ni. Da na ba maƙerin garinmu labari, ya ce in raba kaina da shi, ƙarfen bindigarmu ba a yi shi don wannan garin ba. Yaya ma ya ji ƙarar ta sauya, ya kira ni ya ce in bar bindigar Baba yadda Baba ya bar ta. Na ce masa to, na daina. Ban daina ba, sai dai na ƙara nisa da gida.

Ran nan na ɗura mata garin nan har yatsa uku, da niyyar in ɗaure ta a gwafa in ga iyakarta. Kafin in fita aka aiko an yi rasuwa a dangin Inna a Anka, dole in kai ta a babur. Na mayar da bindigar zaure na rataye. Ba zan ce na manta ba, wallahi ban manta ba. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallon Yaya, ya duƙa a kan takardarsa yana tsoma alƙalami a tawada, maganar ta zo mini har baki. Kunyar ya gane na yi masa ƙarya ce ta hana ni. Na ce a raina ai shi ba ya taɓa ta, na tayar da babur muka tafi.

Washegari da hantsi wani maƙwabcinmu ya shigo ya ce birai sun cika gonarmu. Yaya ya ajiye alƙalami, ya sauko da bindigar. Maƙwabcin ya shaida mini cewa a gabansa ya zura sanda ya auna, ya ga yatsa uku, ya yi bismilla suka tafi. Da ya harba, ƙarfen ya tarwatse a hannunsa. Ina zaune a wurin makoki waya ta same ni. Ko da na iso asibiti an riga an gama, hannunsa na dama ƙaramin yatsa kaɗai aka iya tsirar masa.

Da ya farfaɗo muka rage mu biyu, na durƙusa a gefen gadon na faɗa masa komai ina kuka. Na so ya zage ni, na so ya ce kada in ƙara taka ƙofarsa. Sai ya ce haka Allah ya rubuta, ya yafe mini, amma in yi masa alƙawari Inna ba za ta ji ba, don ba zai so ta rasa hannun ɗa guda ta kuma riƙe ɗayan a zuciya ba. Har Inna ta koma ga Allah tana cewa tsufa ne ya ci bindigar, wani lokaci ma ni take yi wa addu'a, wai Allah ya tsare ni da ba a hannuna ta fashe ba. Alƙur'anin da yake rubutawa ya wuce rabi, yana nan a naɗe cikin gafaka. An ba shi shawara ya koyi rubutu da hagu, ya ce ba zai rubuta maganar Allah da hagu ba. Yanzu yara yake karantarwa.

Abin da na koya mai ɗaci ne. Yaya bai saɓa ƙa'idar Baba ko da ƙwayar zarra ba, ni ne na sauya abin da ke ciki na bar awon yana nuna lafiya. Don haka ina roƙon 'yan'uwana maharba da masu gadin gona, don Allah kada ku zuba garin harsashin bature a bindigar gida, komai ƙanƙantarsa. In kuma kun taɓa wani abu a kayan da kuke tarayya da wani, ku faɗa masa, ko da zai yi muku faɗa a gaban jama'a. Faɗan yini guda na guje wa. Ga shi yau kullum da safe in na je gaishe shi yakan miƙo mini hannun nan da murmushi, ni kuma dole in karɓa in riƙe.