Ranar da na goge sunayen ɗakunan gidanmu

Bayan damina ta rushe rabin gidan kakanmu a Zandam, Baffa babba ya ce in zana musu sabon gida a kwamfuta, irin zanen da ake juyawa a leƙa ciki da waje. Shi ya faɗa mini wanda zai zauna a kowane ɗaki. Ni kuma duk bango, ƙofa da tagar da na ƙera sai in laƙaba mata sunan mai ɗakin, don kada in ruɗe. Sunayen suna jere a gefen allo, duk mai ido zai karanta.

Ina shagona a Birnin Kudu ranar da za a zo gani, sai ga wayar Gwaggo, yayar su Baffa.

"Sun taso daga Gwaram tun ɗazu, har da Baffanka ƙarami," in ji ta. "Bai san an yi rabo ba. Idan ya ga an ba shi ɗakin ƙurya ba shawara, wallahi sai zumunci ya taɓu. Ka cire sunan kowa."

Abubuwan da ke cikin zanen sun fi gaban a bi su ɗaya bayan ɗaya, ga shi an ɗauke wuta, batir ya kusa ƙarewa. Akwai hanyar sauya sunaye a dunƙule, amma ban taɓa gwada ta a kan aikin gaske ba. Na zaɓi komai, na rubuta abin da za a nema da abin da zai maye gurbinsa. Na danna. Kwamfutar ta tsaya cak. Ina kallon allo ina salati, har na ji tsayuwar mota a ƙofa. Suna sallama sunayen suka juye, kowane ya koma ɗaki da lamba.

Muka gaisa, na shiga zagayawa da su daga zaure zuwa tsakar gida. Baffa ƙarami, wanda ya yi karatun boko, ya matso da kujera yana bin rubutun gefe da ido.

"Yaro, ina rufin? Ɗora mu gani."

Sai a lokacin na tuna. Na ɓoye rufin don a ga ciki, kuma abin da aka ɓoye sauyin ba ya taɓa shi. Kowane kwano yana nan da sunan mai ɗaki. Baffa babba ya zuba mini ido.

Ina ta jan linzamin kwamfuta ba dalili aka kira la'asar.

"Baffa, ku yi gaba, ina nan tafe."

Suna fita na fito da rufin, na sauya sunayen, na adana. Da ƙyar na samu raka'ar farko.

Da muka dawo, Baffa ƙarami ya daɗe yana duban gidan. Daga baya ya nuna ɗakin da ke kusa da zaure ya ce nan yake so, saboda baƙinsa. Ɗakin da yayansa ya ware wa kansa ke nan. Baffa babba ya gyara hula, ya yi gyaran murya.

"Ɗauka," ya ce. "Ni dama hayaniyar zaure ta ishe ni."