Ranar Da Wanzami Ya Ƙi Tsaga Ni

A lokacin ni dillalin doya ne a Lafia, na haura hamsin, ga taurin kai da son a ce da sauran ƙarfina. Ciwon ƙirji ya kai ni wani asibiti a Abuja, aka zura mini siririyar roba ta jijiyar jini a matse-matsin cinyata har zuwa zuciya don a duba ta. Da za a sallame ni, likita ya ja mini kunne kada in ɗauki nauyi, kuma in na ga kumburi in dawo nan take. Na ce to, amma a baka kawai.

Kwana uku da dawowata na tafi Assakio lodin doya. Wani abokin sana'a ya tsokane ni wai Abuja ta mai da ni tsoho, ni kuwa na cicciɓi buhu don in ƙaryata shi. Washegari wurin da aka zura robar ya kumbura kamar ƙwan kaza. 'Yata ce ke jinyata tun rasuwar mahaifiyarta, to da wane ido zan nuna wa 'yar cikina wannan wurin? Na ce wa kaina kaluluwa ce, na dinga gasawa da ruwan zafi a banɗaki. Da abin ya ƙi, na kira wanzaminmu a ɓoye ya tsaga ya fitar da mataccen jini. Har ya zaro aska, sai ya ɗora yatsa a kan kumburin. Ya ce bai taɓa ganin kaluluwa mai bugawa kamar zuciya ba, wallahi ba da hannunsa ba. Ya mayar da askarsa cikin zabira, ya fita ya faɗa wa 'yata.

A asibiti na'urar sikanin mai haska cikin jiki ta nuna hujin jijiyar ne bai rufe ba, jini na taruwa. Ba a yi mini tiyata ba. Wata likita sa'ar 'yata ta danne wurin da kan na'urar kusan awa guda har hujin ya toshe. Ta ce da askar nan ta shiga, da ban kai bakin titi ba. 'Yata na riƙe da hannuna tana hawaye, ni na kasa ɗaga ido.

Har yau in na tuna, kunya ke rufe ni. Jama'a, in an taɓa muku jijiya kuka ga kumburi, kada ku gasa, kada ku tsaga, ku koma wurin likita. Na ji kunyar 'yata ta ga cinyata, saura ƙiris in bar ta ta ga gawata.