Kwandon Layi na Shida

Baba Shumeka bai san fuskar rabin mutanen unguwarsu ba, amma ƙafafunsu kam ya haddace su. Shekara arba'in yana zaune a kan ɗan benci a rumfar kwano kusa da tashar bas, kai a sunkuye, ƙusa uku a baki. In ka tsaya a gabansa, da takalminka zai fara gaisawa. Idan ya gama gyara, sai ya haɗa igiyoyin ƙafa biyun ya yi musu wani ƙulli nasa na kansa, don kada wari ya ɓace a cikin tuli. Ƙullin nan duk unguwa an san shi, kuma duk unguwa an sha masa tsaki. Ka ja nan ya ƙara cijewa, ka sa haƙori ka ji kunya. Shi kuwa akwai wani ɗan bakin igiya da yake cusawa a ƙasa, da yatsa biyu zai zare shi, sai ka ga abu ya warware. Bai taɓa koya wa kowa ba.

'Ya'yansa huɗu. Uku sun yi iyali sun watse, sai Auta, wadda uwarta ta rasu ta bar ta tana shekara shida. A rumfar nan ta girma, kuma tun tana ƙarama ba ta san tafiya ba, gudu kawai ta sani. Takalmin tserenta na farko shi ya haɗa mata, tsohon kambas ne ya dasa wa ƙananan ƙusoshi a tafi. Duk safiyar da za ta yi tsere sai ya ƙulle mata su da gangan. Ta yi ta fama har ta gaji, ta zo tana tura baki.

"Baba, kwance min."

"Ke da za ki tsere wa gari guda, igiya ta gagare ki?"

Tana shekara goma sha tara wani mai horarwa daga ƙasar waje ya ga gudunta, ya ce ta zo a ba ta makaranta da fili. Baba Shumeka ya ce ba za ta ba. Ba shi da wani dalili, tsoro ne kawai, tsoron ya ɗago kai ya ga rumfa ba kowa. Amma namiji irinsa ba ya cewa yana tsoro, sai ya yi faɗa. Ya ce mata in ta hau jirgin nan, to shi ba shi da 'ya. Ta hau. Shekara guda tana bugo waya, yana cewa a gaya mata ba ya nan. Da zuciyarsa ta sauko ya nemi lambar, lambar ta daina shiga. Yayyenta da suka ɗaure masa gindi a lokacin, su ma ta yanke da su. Haka aka yi shekara takwas. Ni dai ban taɓa ganin mutumin da taurin kansa ya cuta kamar Baba Shumeka ba.

Sai ga babbar gasar wasanni ta ƙasashe ta zo garin. Aka shafe tituna da fenti, aka rataya tutoci har a kan rumfarsa ba tare da an tambaye shi ba. Wata safiya maƙwabcinsa Mai Agogo, wanda ke gyaran agogo a teburin da ke gefe, ya miƙo masa waya ya nuna wani layi da farce. Sunan Auta ne, a ƙarƙashin tutar wata ƙasa, tseren mita ɗari takwas, rana ta bakwai.

Ranar bai buga ƙusa ko ɗaya ba. Ya tafi masaukin 'yan wasa, ya tarar da shinge biyu da masu gadi. Ya ce 'yarsa yake nema, suka ce kowa ma haka yake cewa. Ya koma da wasiƙa, suka ce ba a karɓar takarda. Mai Agogo ya ce ko ya shiga cikin 'yan kallo ɓata lokaci ne, daga can sama mutum kamar ƙwayar gero yake, kuma muryar mutum ɗaya ba ta ratsa ta mutum dubu sittin.

"Sai dai ka shiga aikin sa-kai," in ji Mai Agogo. "Su ne ke shiga har tsakiyar fili. Ana neman ƙari, wasu sun gudu tun ba a fara ba."

Shi ya cike masa takardar a waya. Suka zo wata tambaya: kana da ɗan'uwa ko 'yar'uwa a cikin 'yan wasa? A ƙasa an rubuta cewa mai shi ba za a kai shi kusa da fili ba. Mai Agogo ya ɗago ya dube shi ta saman tabarau.

"Rubuta babu," in ji Baba Shumeka. "Ai da bakina na faɗa."

Aka ba shi shuɗiyar riga da hular hana-sallah da kati na ratayawa a wuya. A ƙofa aka karɓe basillarsa da ɗan zaren da ke aljihunsa. Nan ya gane cewa launin kati shi ne komai: mai kore yana shiga fili, mai rawaya kuwa iyakarsa wurin ajiye motoci. Nasa rawaya ne. Kwana huɗu yana tsaye a rana da 'yar tuta, yana nuna wa motocin 'yan wasa inda za su tsaya, motoci masu baƙin gilashi da suke sauke mutane a bayan wani shingen. Kowace ta wuce sai ya bi ta da ido, yana cewa ƙila tana ciki, ƙila ta gan shi ta kau da kai. Abinci ya daina shiga masa. Kwanaki suna ta zubewa, shi kuma yana kaɗa wa bas tuta.

A rana ta biyar wata mata ta ratso wurin a guje, usur a wuya, takardu a hannu, tafin takalminta na dama ya ɓalle yana ta tafi. Mai Usur ake ce mata, ita ce shugabar masu ɗaukar kwando, waɗanda ke tsayawa a bayan 'yan tsere su karɓi rigunansu da takalman ɗumama jiki kafin a tashi.

"'Yata, kawo nan kafin ya kayar da ke," in ji shi.

Ta ba shi da aka tashi aiki, ta tafi da silifas. Da safe ya kawo mata shi ɗinke tsaf. Ta jujjuya shi, ta ce me za ta yi masa. Ya ce koren kati yake so, kwando yake so ya ɗauka.

Ta yi dariya. "Haba Baba! Kwandon nan da sassarfa ake tafiya da shi, kuma duniya na kallo."

Sai ya sunkuci wani kwalin ruwa ya yi mata sassarfa daga nan zuwa bakin shinge ya dawo, yana danne haki don kada ta ji. Ta daina dariya. Dama ɗaya daga cikin mutanenta ya yi targaɗe. Ta ce za ta sama masa koren katin, amma dokokinta uku ne, kuma ba ta maimaitawa.

"Ba ka yi wa ɗan wasa magana. Ba ka kallon idonsa, hankalinsa na kan tsere. Ba ka taɓa abin da ke cikin kwando, ko kuda ne ya faɗa ciki. In ka taɓa za a ce an sa wa mutum wani abu a kaya, kuma a take zan cire maka kati. Ka ji ko, Baba?"

"Na ji."

Rana ta bakwai aka jera su a wani dogon lungu a ƙarƙashin kujerun 'yan kallo, mutum takwas, kowa da kwandonsa mai lamba. Wurin sai warin man zafi, rufin yana girgiza da tafi. An manna takarda a bango. Ya matsa ya ƙanƙance ido: Auta layi na shida, shi kuma kwandon hannunsa lamba uku. Mai lamba shida wani malamin makaranta ne mai ƙiba.

"Malam, don girman Allah mu yi musanya. Gwiwata ce, shida ya fi kusa da ƙofa."

"Ai shida ya fi nisa, Baba."

Malamin ya dubi fuskarsa, ya miƙo kwandon.

Suka fita a jere. Hayaniyar ta daki ƙirjinsa. Ya ajiye kwando a bayan layi, ya tsaya, hannu a baya, kai a ƙasa, abin da dama ya iya. Sai ga ƙafafu sun iso. Fararen takalma ne irin waɗanda bai taɓa gyarawa ba, amma dunduniyar hagu ta cinye ta gefen waje. Tun tana shekara bakwai haka take cinye takalmi, ya yi faɗa har ya gaji.

Ta zauna a ƙasa ta canza zuwa na tsere. Ta jefa fararen a kwando, ta cire riga ta ɗora. Tsakaninsu bai kai taku biyu ba, yana ganin tabon da ƙusa ta yi mata a ɗan yatsa tana ƙarama. Kwana da kwanaki yana shirya magana, kalma huɗu ce kawai: Auta, na yi kuskure. Ba dokar Mai Usur ce ta hana shi ba, tsoro ne, tsoron in ya faɗa a nan ya karya mata tseren da ta yi shekaru tana jira. Ta ce na gode da wani yare, ba ta ko ɗago ba. Wa ke kallon mai kwando? Usur ya yi ƙara, suka ɗauka, suka juya.

Yana cikin lungu ya ji ƙarar bindigar tashi. Mai Agogo ya gaya masa minti biyu ne tseren duka. A ɗakin da ake jera kwanduna, doka ce a ajiye a fita nan take don zagaye na gaba, ba a jiran 'yan wasa. Ke nan shi ke nan. Ya ajiye nasa a kan tebur, ya ga sauran suna fita, ya ji kamar ya kwanta a wurin ya yi ta kururuwa. Ba shi da alƙalami, ba shi da murya, ba shi da komai. Hannunsa ne ya shiga kwandon, ya jawo igiyoyin fararen takalman biyu, ya haɗa, ya murɗa, ya cusa ɗan bakin a ƙasa.

"Baba!"

Mai Usur ce a bakin ƙofa. Nan da nan aka kira wani jami'i, ya duba, ya ce a bar kwandon yadda yake har mai shi ta zo ta gani ta sa hannu. Mai Usur da kanta ta zare masa katin daga wuya, ta raka shi ƙofar baya, ranta a ɓace. Suna tafiya filin ya ɗauki ihu, bai san wa ake yi wa ba.

"Na yarda da kai, Baba. Me ya kai ka?"

Ya dubi takalmin da ya ɗinke mata. "Mai takalman 'yata ce."

"Ka rubuta babu."

"Na rubuta."

Mai gadi ya ja ƙofa.

Mai Agogo ne ya gaya masa Auta ta zo ta biyar, an fitar da ita, kuma waɗanda aka fitar ba sa wuce kwana uku a garin. Ya koma bencinsa da shuɗiyar rigar, ya kasa cire ta. Ya yi ta gaya wa kansa cewa almakashi ta sa, kowa ma abin da zai yi ke nan, ko kuma ta gane ƙullin sarai ta jefa takalman a shara, kuma ba ta yi laifi ba. Sau biyu yana buge yatsansa da guduma. Duk ƙafar da ta tsaya a gabansa sai ya ɗago da sauri, sai ya ga ta mai kawo gyara ce.

Safiya ta uku wasu ƙafafu cikin silifas suka tsaya. Bai ɗago ba, ya gaji da ɗagowa. Sai fararen takalma suka sauko a gaban idonsa, suna lilo a jikin igiya. Ƙullin na nan, duk shatin haƙori a jikinsa.

"Baba, kwance min."

A tsallaken titi wata mota na tsaye, inji a kunne, jakunkuna a baya. Auta ta ce jirginsu na azahar ne, direba ya ba ta minti biyar. Ya karɓi takalman. Ya laluba ƙasan ƙullin, ɗan bakin igiyar na nan inda ya cusa shi, ja ɗaya ya isa. Ya riƙe shi da yatsa biyu, sannan ya sake shi. Hawaye na ɗiga a kan igiyar.

"Ya cije," in ji shi. "Ga shi kuma ya jiƙe. Zauna, Auta, zai ɗauki lokaci."

Ta san ƙarya yake yi, ta sha ganin yadda yake zare shi. Ta ture gwangwanin ƙusa gefe, ta zauna a ƙarshen bencin, inda take zama da. Mai Agogo ya cire tabarau, ya tsallaka titi ya je ya ce wa direban ya kashe inji.