Ranar da bunsurun mahaifiyata ya haifi tagwaye a jami'a

Shekarun baya can, zamanin da soja ke riƙe da ƙasa, ana wuni a layin mai kamar ba a ƙasarmu ake haƙo shi ba, ina shekara ta biyu a jami'a a nan Sakkwato, sashen lissafi. Matasan da ke bibiyata suna yawan tambayata yadda na fara harkar kwamfuta. To yau ku gyara zama, domin ba yadda kuke zato ba ne. Ni dai da awaki na fara.

A lokacin kwamfutocin sashenmu 'yan ƙalilan ne, suna wani ɗaki mai sanyi, an lulluɓe su da leda kamar kayan ɗakin amarya, kuma sai ka tuɓe takalmi kafin ka shiga. Mu kuwa ɗalibai mun cika aji maƙil. Shi ya sa aka yanke cewa a ƙarshen zango za a tace mu: kaɗan su ci gaba da ɓangaren kwamfuta, sauran su koma lissafi zalla. Ni kuma Allah Ya jarrabe ni da son na'urar nan. Ko ƙarar fankarta na ji sai raina ya yi fari. Na san in aka mayar da ni lissafi zalla, ni da ɗakin nan sai dai leƙe ta taga.

Wanda zai yi tacewar wani malaminmu ne da bai daɗe da dawowa daga karatu a waje ba. Basakkwace ne ɗan Ƙofar Rini, siriri, dariya ba ta cika kama shi ba. Shi ya kawo mana yaren C++, da wata sabuwar hanya ta tsara wa kwamfuta aiki wadda ta dogara kan abubuwa biyu, class da object. Yakan ce class ba abu ba ne, bayanin abu ne: me abin yake da shi, me kuma yake iya yi. Object kuwa shi ne abin da kansa, guda ɗaya, wanda aka ƙera bisa wancan bayanin. Mu rubuta, mu gyaɗa kai, alhali ko kusa ba mu san inda maganar ta dosa ba. Misalansa kullum mota ne da asusun banki, mu da ko keke sai mun yi aro.

Wata rana ya tsaya ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya ajiye alli.

"Na ga alama ba ku gane komi ba," ya ce. "To ku aje mota. Kowa shi tahi gida shi dubo abin da yas sani, shi rubuto mani class nai. Ran gwaji kowa shi buga nashi gabana. Wanda nashi yay yi aiki shi zauna, wanda nashi yaƙ ƙi, lissahi na jira nai."

Ga shi kuma ba wurin gwadawa kafin ranar. Wuta sai an ga dama ake kawowa, janareta ba mai. A takarda za ka rubuta shirinka, ka bi shi layi-layi da bakin biro, kai ne ɗalibi kai ne kwamfutar.

Na koma gida Mabera kaina ya yi zafi. Bayan la'asar ina zaune a tsakar gida ina tauna murfin biro, sai bunsurun mahaifiyata ya tsoma kai cikin ƙwaryar dusa ya kifar da ita. Awaki uku take kiwo a lokacin: Ja, da Kyalla mai farin ɗamara a ciki, da wannan bunsurun da bai taɓa samun suna ba sai zagi. Ta fito daga madafa tana faɗa.

"Akuya dai akuya ta! Dut halinsu guda, ci da kuka da ɓarna, sai haihuwa."

Ba ta rufe baki ba ta juyo gare ni. "Kai, tashi ka ɗaure mani Kyalla inuwa, ciki gare ta. Ja ko bar ta nan, ita ba ta son turke. Wanga ɗan banza kuma hitar mani da shi waje."

Wallahi sai na ji kamar an kunna fitila a kaina. Akuyar da ta fara ambata, mai ci da kuka da haihuwa, ba ta tsaye a ko'ina cikin gidan. Ba a ɗaure ta, ba a tatsar ta, bayani ce kawai da ya hau kan kowace akuya. Ga class ke nan. Kyalla mai ciki da Ja mai ƙin turke da bunsuru mai ɓarna kuwa su ne object, kowanne da kamanninsa da halin da yake ciki, amma duk a kan bayani ɗaya aka yanko su. Na yi tsalle na miƙe.

"Inna, kin gama mani aiki!"

"Wane aiki kuma? Kai dai ɗaure akuyar."

Na ɗaure ta a gurguje, na koma kan takarda. Na rubuta class na sa masa suna Akuya. A cikinsa na sa suna da launi, na sa ayyuka uku, ci da kuka da haihuwa. Sai na zo kan wurin da za a riƙa ajiye yawan 'ya'yan da aka haifa. Shi kam ban sa shi cikin class ba. A waje na ajiye shi, can saman shirin, guda ɗaya tal na kowa da kowa. Kada ku yi mini dariya tukuna. Gidanmu babban gida ne, randa ɗaya, tukunya ɗaya. Ko 'ya'yan mutane ba ka jin an ce ɗan ɗakin wance, duk 'ya'yan gida ne, balle 'yan awaki da ake sakewa su bi kowace uwa. A wurina abin da hankali zai ɗauka ke nan, har ina yaba wa kaina cewa na rage rubutu.

Ana gobe gwaji na kai wa wani abokina takardar. Ajinmu ɗaya, ɗan Kwalkwalawa ne, mutum ne da ba ya barin magana ta faɗi ƙasa. Shi class ɗin kwale-kwale ya rubuta, tunda a bakin gulbi ya tashi. Muna cin soyayyen kifi ya karanta nawa, ya shafa masa mai a gefe, ya ce, "Wanga ai ya hi nawa kyau. Awakin Inna sun shiga jami'a kahin ƙannenka." Shi ma bai ga wani kuskure a ciki ba.

Ranar gwaji da hantsi aka samo wa janareta mai. Muka yi cirko-cirko a bayan ɗaki ba takalmi, ana kiran mu ɗaya-ɗaya. Wasu nasu ya tashi, wasu kwamfuta ta watso musu ƙorafi allo guda suka miƙe jiki a sanyaye. Abokina ya wuce lafiya, kwale-kwalensa bai nutse ba. Da aka zo kaina na zauna, na fara bugawa da yatsu biyu kamar kaza tana tsattsaga, malam na tsaye a bayana ya harɗe hannu. Na gama, na ba da umarni a haɗa shirin. Ba ƙorafi ko ɗaya! Bakina har kunne, na waiwaya na kashe wa abokina ido.

A cikin shirin na ƙirƙiri awaki uku daga class ɗin, na ce Kyalla ta haifi biyu, sannan kowace ta faɗi sunanta da yawan 'ya'yanta. Na danna. Allo ya nuna Kyalla, 'ya'ya biyu. Daidai. Ja, 'ya'ya biyu. Gabana ya faɗi. Bunsuru, 'ya'ya biyu.

Sai muryar abokina ta fito daga baya.

"Barka, barka! Allah Shi raya. Yaushe za a yi suna?"

Aka fashe da dariya, har da waɗanda nasu ya ƙi, su ma suka samu abin rage zafi. Ni kuwa zufa ta keto mini duk da sanyin ɗakin, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Tsoro ne ya kama ni na gaske, domin na ga lissafi zalla yana yi mini maraba. Malam bai yi dariya ba. Ya sunkuyo ya dubi allon.

"Bunsurun gidanku haihuwa shikai?"

"A'a, Malam."

"To ba ni hwaɗa maka inda ɓarnar take. Tambaya guda za ni yi ma. Ɗiyan ga biyu, na wa na?"

"Na Kyalla na, Malam."

"Ina ka aje su?"

Na ɗaga ido na koma saman shirin. Ga layin nan shi kaɗai a waje, ba ya cikin kowa. Ban san lokacin da na ce da ƙarfi ba, "Tsakar gida na aje su!" Wuri ɗaya na tanada, saboda haka duk akuyar da aka tambaya can take leƙawa ta faɗi abin da ta gani. Suna da launi da na sa cikin class, kowace ta samu nata. Yawan 'ya'ya da na bari a waje ya zama na gayya.

"Janareta ba ya jira," in ji malam.

Na goge layin daga sama, na mayar da shi cikin class kusa da suna da launi, na ƙara cewa duk sabuwar akuya da babu za ta fara. Yatsuna biyu ba su taɓa gudu irin na ranar ba. Na sake haɗawa, na yi bismilla, na danna. Kyalla, biyu. Ja, babu. Bunsuru, babu.

Ihun da na yi sai da ma'aikacin ɗakin ya leƙo. Na miƙe har kujera ta kife, abokina ya rungume ni yana cewa mai jego ya samu lahiya. Malam ya ɗaga hannu aka yi shiru.

"Ƙaro mani wata akuya."

Na tayar da kujera na zauna. Layi ɗaya na buga, na sa mata suna Baƙa, sai ga ta ta fito da sunanta, da launinta, da nata wurin ajiye 'ya'ya, ban sake rubuta ci ko kuka ko haihuwa ba. A nan ne abin ya shige ni har ɓargo. Na ce a raina, ashe in na ga dama yanzu sai in cika Sakkwato da awaki daga wannan ɗan bayanin, kuma babu wadda za ta ɗauki ɗan wata. Ban taɓa jin daɗin karatu irin na wannan lokacin ba, kafin nan da bayan nan.

Sai dai ƙa'ida ta ce wanda nasa ya yi aiki, nawa kuwa sai a karo na biyu ya yi. Na tashi na koma baya na tsaya har aka gama da kowa. Malam ya fara nuna waɗanda za su zauna, da yatsa, ɗaya bayan ɗaya. Ya nuna abokina, ya wuce ni, ya nuna wasu. Har ya juya zai fita sai ya tsaya a bakin ƙofa yana sa takalmi, kuma a karon farko na ga haƙorinsa.

"Mai bunsuru, kai ma gobe ka taho da wuri."

Kabu-kabu, wato babur ɗin haya, na hau zuwa Mabera, ban iya jiran bas ba. Tun daga zaure nake kwala wa mahaifiyata kira. Na zayyana mata komai, ta saurara tana tankaɗe, ba na jin ta kama ko rabin zancen class da object. Da na zo kan tagwayen ta ajiye rariya ta dubi bunsurun, yana can yana cin igiyar shanya.

"To tunda ya hwara haihuwa jami'a, a yanka shi kahin shi ba mu kunya cikin unguwa."

Haka kuwa aka yi. Ranar Juma'a aka yi sadaka da shi, abokina ya zo tun daga Kwalkwalawa ya ci har ya yi guzuri.

Yau in mai koyo ya zo mini da class da object sun ɗaure masa kai, ba na fara masa da manyan kalmomi. Nakan ce ya duba gidansu ya kawo mini abin da ya sani, ya faɗa mini abin da duk irinsu suka yi tarayya a kai, sannan ya nuna mini guda ɗaya da yatsa. Na farkon class ne, na biyun object. Kuma kusan duk shekara sai na samu wanda ya bar wani abu a waje ya zama na kowa. In na hango layin nan ba na nuna masa. Sai in koma bayansa in harɗe hannu, zuciyata na bugawa kamar ni ne a kujerar, ina jira ya danna.